Aikatau Mai Ɗan Rakiya: Sharhi a Kan Littattafan Haddar Turanci

Unguwar Rimi, wadda take arewa da kogin Kaduna, unguwa ce ta 'yan makaranta tun da daɗewa. A cikinta Kwalejin Rimi take, wadda dā ake kira St. John's College kafin gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970. A cikinta kuma akwai reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna inda ake koyar da sha'anin kasuwanci da gudanarwa, ga kuma Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa cikin 2004, nan kusa a kan titin Tafawa Ɓalewa. Ban da waɗannan akwai makarantu masu zaman kansu da ɗakunan lesin barkatai, inda samari da 'yan mata suke taruwa da yamma suna shirin jarrabawa. Inda 'yan makaranta suka yi yawa kuwa, nan kasuwar littattafan jarrabawa take ci.

Cikin hajar wannan kasuwa akwai wani iri da muke so mu duba a wannan takarda. Ƙananan littattafai ne masu araha, waɗansu bugun maɗaba'a, waɗansu kuwa 'yan takardu ne da malamin lesin ya tsara, aka gurza, aka ɗinke. Abin da ke cikinsu jeri ne na kalmomin Turanci irin su “give up”, “put off”, “look after”, “carry out”, ɗari ko ɗari biyu, an bi da su bisa tsarin abacada, kowace da ma'anarta guda a gabanta. Aikin yaro shi ne ya haddace. Ba kuwa don sha'awa yake haddar ba. In bai sami kiredit a Turanci ba cikin jarrabawar WAEC ko ta NECO, ƙofar jami'a ta rufe masa, kome ƙoƙarinsa a lissafi ko kimiyya. A jarrabawar JAMB ma, takardar Turanci ita ce ta wajaba a kan kowa da kowa. Saboda haka maganar 'yan littattafan nan magana ce ta kuɗin iyaye da shekarun 'ya'ya.

Turawa suna kiran irin wannan kalma “phrasal verb”. Mu a nan za mu kira ta aikatau mai ɗan rakiya, gama aikatau ne wanda wata 'yar ƙaramar kalma take bin bayansa, kamar “up” ko “out” ko “off”, su biyun su haɗu su ba da ma'ana ɗaya. Abin da za mu nuna shi ne, littattafan haddar nan suna gabatar da shi kamar wani baƙon abu marar kan gado wanda ba shi da magani sai hadda, alhali kuwa yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa ya riga ya mallaki babban rabo na dabarar tun kafin ya shiga aji ɗaya. Ba a gaya masa ba ne kurum.

Ba mai hakki hakkinsa

Kafin mu kawo aibi, ya kamata mu faɗi cewa masu tsara littattafan nan sun gane inda ciwo yake. Tun cikin 1755, sa'ad da Samuel Johnson ya fitar da babban ƙamusunsa na Turanci, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin waɗannan kalmomi su ne suka fi wahalar da baƙon harshen, domin sau da yawa ma'anar haɗin takan yi nisa da ma'anar kalmomin da aka haɗa. Sunan da ake kiransu da shi yanzu kuwa ya bazu ne daga 1925, ta wurin wani littafi na Logan Pearsall Smith, wanda ya ce daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford, ya samo shi.

Game da yawansu kuma akwai lissafi. Cikin 2007 Dee Gardner da Mark Davies suka ƙidaya su cikin wata taskar Turancin Ingila mai kalmomi miliyan 100. Suka tarar mai karatu yakan gamu da guda cikin kowace kalma 150 a kan matsakaici, kuma guda 100 kaɗai sun ɗauke fiye da rabin dukan wuraren da irin wannan aikatau ya fito. Suka tarar kuma kalmomin aikatau 20 da 'yan rakiya 8, watau “out”, “up”, “on”, “back”, “down”, “in”, “off” da “over”, su ne suke haɗuwa su haifar da fiye da rabin nan. Amma fa waɗannan guda 100 suna ɗauke da ma'anoni 559. Mai karatu ya riƙe adadin nan biyu, 8 da 559, domin za mu komo kansu.

To, ashe zaɓen ɗari ba laifi ba ne, muddin an zaɓi ɗarin da ya dace. Laifin yana wajen yadda aka shirya su, kuma mun ga aibi huɗu.

Aibi huɗu

Na fari shi ne yadda ake ba da ma'ana. Za ka ga an rubuta “put off”, a gabansa an sa “postpone”. An rubuta “put out”, an sa “extinguish”. An rubuta “give up”, an sa “surrender”. Watau an fassara wa yaro abin da bai sani ba da abin da ya fi shige masa duhu, ya je neman sauƙi ya komo da kaya biyu. Har wa yau an ɓoye masa cewa kalmomin biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Bayan da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi cikin 1066, Turanci ya kwashi kalmomi masu yawa daga Faransanci da Latin, suka zama harshen fada da shari'a da littafi, su kuwa gajerun kalmomin aikatau na gado suka zauna a gida da kasuwa tare da 'yan rakiyarsu. Mu ma muna da irin wannan bambanci tsakanin kalmomin da muka aro daga Larabci da namu na gado. Mukan ce sarki ya halarci taro, amma ba uwar da za ta ce wa ɗanta ya halarto ya ci tuwo. “Zo” za ta ce. Yaron da aka koya wa cewa “put out” da “extinguish” abu ɗaya ne, in ya zo rubuta wa abokinsa wasiƙa, sai Turancinsa ya fito kamar sammacin kotu.

Na biyu shi ne ba da ma'ana guda ga kalmar da take da ma'anoni da yawa. “Take off” tuɓe riga ne, tashin jirgin sama ne kuma. “Make up” yakan zama ƙaga labari, ko shiryawa bayan faɗa, ko kwalliya, ko cike abin da ya rage. Mai shirya jarrabawa kuwa ya san haka sarai, a nan ma yake kafa tarkonsa: yakan sa kalmar cikin jimla, ya ce a zaɓi ma'anar da ta fi kusa. Yaron da ya haddace ma'ana guda, da ya hango ta cikin zaɓin sai ya yi wuf ya kama, bai ko dubi jimlar ba. Ba a ce a ɗora wa yaro ma'anoni 559 ba. Cikin 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt sun auna guda 150 mafiya yawan fitowa, suka tarar ma'ana biyu a kan matsakaici sun isa su ɗauke kashi uku cikin huɗu na amfanin kowace. Biyu ta isa, guda ce ba ta isa ba.

Na uku shi ne yin shiru game da jerin kalmomi cikin jimla. Bature yakan ce “turn off the light”, yakan kuma ce “turn the light off”, duk daidai ne. Amma in wakilin suna ya maye gurbin suna, hanya ɗaya ce tak, “turn it off”. Ba a cewa “turn off it”. A gefe guda kuwa “look after the child” yakan zama “look after him”, ba a raba su ko kaɗan, domin “after” a nan harafi ne da ya manne wa karɓau, ba ya motsi. Littattafan haddar nan sun zuba iri biyun cikin kwando ɗaya, ba wata alama da za ta nuna wa yaro wanda ake rabawa da wanda ba a rabawa.

Na huɗu, wanda shi ne uwar sauran, shi ne tsarin abacada. Ana tara “get up”, “get on”, “get by”, “get over” wuri guda don kawai duk da “get” suka fara, alhali ba abin da ya haɗa ma'anarsu. Da an tara “eat up”, “drink up”, “burn up”, “tie up”, “lock up” wuri guda, da yaro ya ga zaren da ya ɗinke su da idonsa. Nauyin ma'ana sau da yawa a wuyan ɗan rakiya yake, 'yan rakiyar kuwa da suka fi aiki takwas ne, kamar yadda muka gani. Wanda ya san halin takwas ya fi wanda ya haddace ɗari.

Abin da Hausa ta tanada

Cikin 1960 F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya buga maƙalarsa a kan tsarin aikatau na Hausa, inda ya kasa shi kashi bakwai, waɗanda masu nahawu suke kira giredi. Ya nuna cewa saiwa ɗaya takan ɗauki ƙarshe iri iri da karin sauti iri iri, kowane ƙarshe ya juya ma'anar wata fuska. Tun daga nan ake koyar da wannan tsari a sassan Hausa na jami'o'inmu, a Zariya da Kano da Sakkwato da sauransu. Bari mu ɗauki saiwa guda mu gani. Mukan zuba ruwa a tulu, mukan zubo shi nan, mukan zubar da shi waje, yakan kuma zube da kansa. Mai karatu ya lura, aikin da ƙarshen aikatau ya yi a waɗannan jimloli shi ne aikin da Bature yake ba ɗan rakiya: zuba “pour in”, zubar “pour away”, zube “spill out”.

Giredi na huɗu, mai ƙarewa da -e, yakan nuna cewa aiki ya game abu duka, ba a rage kome ba. Yaro ya ci tuwo daban, ya cinye tuwo daban. Wannan bambanci shi ne ainihin bambancin “eat” da “eat up”. Haka sha da shanye, “drink” da “drink up”. Ƙona da ƙone, “burn” da “burn up”. Ɗinka da ɗinke, “sew” da “sew up”. Ɗan kasuwa ya sayi hatsi, ko kuwa ya saye hatsin kasuwa kaf, “buy” da “buy up”. Wannan “up” ba shi da wata hulɗa da sama. Yaron da aka gaya wa cewa “up” sama ne kawai, dole ya ruɗe. Wanda aka ce masa wannan shi ne -e ɗin “cinye”, ya gane nan take, ba kuwa zai manta ba.

Wannan giredi har yanzu yakan nuna rabuwa, watau an cire abu daga inda yake, a nan kuwa sai ya yi daidai da “off”. Yanke “cut off” ne, ɓalle “break off”, goge “wipe off”, kakkaɓe “shake off”, tuɓe “take off”. Har “put off” ɗin nan da aka fassara da “postpone”, ai Bahaushe ɗage taro yake yi: ya ɗaga shi, ya kawar da shi daga ranarsa. In kuwa an fasa taron gaba ɗaya, an soke shi ke nan, “call off”. Kishiyar wannan ita ce giredi na ɗaya mai ƙarewa da -a, wanda sau da yawa yakan nuna an ɗora aiki a kan wani abu, kamar “on”. Dubi ɗaura da ɗaure, “tie on” da “tie up”. Liƙa da liƙe, “stick on” da “seal up”. Shafa da shafe, “rub on” da “wipe out”.

Giredi na biyar, mai ƙarewa da -ar, Parsons ya ɗauke shi a matsayin mai sa wani ya yi aiki. Cikin 1983 Paul Newman ya nuna cewa asalin ma'anarsa ita ce aiki ya yi nesa da mai yinsa, abin da ya sake bayyanawa cikin babban nahawunsa na 2000. Wannan kuwa shi ne “away”: jefar “throw away”, bayar “give away”, kawar “move away”.

Giredi na shida, mai ƙarewa da -o, yakan jawo aiki wajen mai magana, a nan ne kuma za a ga wani abin sha'awa. Mu jera su:

fita “go out”, fito “come out”
shiga “go in”, shigo “come in”
hau “go up”, hawo “come up”
sauka “go down”, sauko “come down”
koma “go back”, komo “come back”

Harsunan biyu abu biyu suke faɗa a kowane layi, watau hanyar da aka bi, da kuma ko an nufo mai magana ko an ba shi baya. Sai dai sun yi musayar wurin ajiya. Hausa ta sa hanya cikin saiwa, ta sa fuskanta a ƙarshe. Turanci ya sa fuskanta cikin aikatau, ya miƙa wa ɗan rakiya hanya. Leonard Talmy, cikin 1985, ya kasa harsuna bisa wannan: waɗansu, kamar Turanci da Jamusanci, sukan ajiye hanya a wajen aikatau, waɗansu kuwa, kamar Faransanci da Sifaniyanci, sukan sa ta a cikinsa. Ta wannan fuska Hausa ta fi kusa da Faransanci. Shi ya sa yaron Maraɗi da yake koyon Faransanci ba ya shan wahala a nan: shiga “entrer”, fita “sortir”, hau “monter”, sauka “descendre”, kalma guda a kan kalma guda. Ɗan'uwansa na Kaduna kuwa, da ya nemi kalma guda da za ta zauna a gurbin “shiga mota”, sai ya kama “enter”, ya bar “get in” da “get on” waɗanda Bature ya fi faɗa.

An auna irin wannan kaucewa a waɗansu ƙasashe. Cikin 1985 Dagut da Laufer sun nuna cewa ɗalibai masu jin Ibrananci, harshen da ba shi da aikatau mai ɗan rakiya, sukan guje masa su zaɓi kalma guda. Cikin 1993 Laufer da Eliasson suka gwada ɗaliban Suwidin, waɗanda harshensu yake da shi, suka tarar su ba su guje masa. Bahaushe yana tsakanin biyun nan. Ba shi da ɗan rakiya mai zaman kansa, amma ma'anonin da ɗan rakiya yake ɗauka suna nan a ƙarshen aikatau nasa. A ganinmu, ɓangaren da zai faɗa ya danganta ga ko malaminsa ya nuna masa wannan ko bai nuna ba.

Ko maganar jerin kalmomi da muka ambata a aibi na uku, ba baƙuwa ba ce gare shi. Ya saba da cewa wakilin suna yakan sāke ginin jimla: ya tambaya, ya tambayi malam, ya tambaye shi. Ya saba kuma da wakilin suna ya kutsa tsakanin abu biyu da suke tafiya tare: ya zubar da ruwa, ya zubar mini da ruwa, ya mayar da kuɗi, ya mayar masa da kuɗi. Wanda yake faɗar waɗannan kullum ba tare da tuntuɓe ba, “turn it off” ba za ta gagare shi ba.

Inda kamar ta tsaya

Kada mai karatu ya zaci muna cewa kowane “up” -e ne. Akwai “up” na tashi, kamar “stand up”. Akwai na ƙari, kamar “speak up”, ɗaga murya. Akwai kuma kalmomin Hausa masu ƙarewa da -e waɗanda ba su nuna gamewa ko rabuwa, kamar gode da ƙyale. Gidan da ya ƙone Bature yakan ce “burn down”, takardar da ta ƙone ya ce “burn up”, mu kuwa kalma ɗaya muke da ita. Cike takardar neman aiki “fill in” ne a Ingila, a Amurka kuwa an fi cewa “fill out”. Kwatanci gada ce ta ƙetarewa, wajibi ne malami ya nuna wa yaro inda ta ƙare.

Sa'an nan akwai waɗanda ma'anarsu ta yi nisa ƙwarai, irin su “put up with”, haƙuri da abu, da “take after”, gadon kama ko hali. Waɗannan lalle sai an koye su ɗaya ɗaya. Amma ko a nan Hausa tana da abin cewa. Mu dubi “ci”: ci gaba, ci amana, ci mutunci, ci bashi, ci jarrabawa, ci sarauta. Mu dubi “sha”: sha wahala, sha kashi, sha iska, sha rana. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 zai ga tsawon bayanin da “ci” ta jawo musu, gama abin da “get” take yi wa Bahaushe shi “ci” take yi wa Bature. Duk da haka ba kara zube abin yake ba. Cikin 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna cewa “ci” ta fi karkata wajen rinjaye da mallaka, “sha” kuwa wajen abin da ya auka wa mutum ya jure. Ba kuwa wani yaron Bahaushe da ya taɓa zama ya haddace jerin ma'anonin “ci”. Cikin magana ya tsince su, kowace tare da abokan tafiyarta. Haka ya kamata a ba shi na Turanci, cikin jimla cikakkiya, da takwararta ta Hausa a gefe: “go on” ci gaba, “give in” ba da kai, “back off” ja da baya. Magabata sun san wannan. Littafin da Hukumar NORLA ta Zariya ta fitar cikin 1957 domin ɗaliban Hausa, sunansa ma Hanyar Taɗi da Turanci. Taɗi suka sa a gaba.

Turancin Nijeriya

Akwai wani abu kuma da littattafan haddar suka tsallake. Kowa ya san yadda ake cewa “off the light” da “on the fan” a titunanmu. Malami yakan ja jan layi a ƙarƙashinsu, kuma a takardar jarrabawa yana da gaskiya. Amma mai nazarin harshe zai ga wani abu a ciki: jama'a sun gane da kunnensu cewa ma'ana tana wuyan ɗan rakiya, har suka yar da aikatau suka riƙe shi shi kaɗai. Akwai kuma “cope up with”, inda aka cusa “up” a wurin da Bature ba ya sa shi, da “round up” a gurbin “round off” wajen rufe jawabi. David Jowitt, wanda ya koyar a Kano da Jos, ya rubuta littafi sukutum a kan Turancin Nijeriya cikin 1991. A farkon 2020 kuma ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, cikinsu har da “flag off”, ƙaddamar da aiki, da “put to bed”, haihuwa. Hakkin yaro ne a rarrabe masa uku: wanda duniya duka ta sani, wanda Nijeriya kaɗai ta sani, da wanda mai duba jarrabawa zai rage masa maki a kansa. Jerin da ba shi da wannan bayani ya bar yaro a tsakiyar kogi.

Abin da ya kamata a yi

Wani zai ce shigar da Hausa ajin Turanci ɓata Turancin yara zai yi. Amsa ita ce Hausar tana cikin ajin tun dā, a cikin kan kowane yaro, ita ce ma take raɗa masa “enter” sa'ad da ya kamata ya ce “get on”. Hana ambatonta bai kore ta ba. Gwamma a fito da ita fili, a nuna inda ta yi daidai da Turanci da inda suka rabu. Wani kuma zai ce ba dukan yaran Unguwar Rimi ne Hausawa ba. Haka ne, akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Fulani da Nufawa da Yarabawa da Ibo. Amma mafi yawan waɗanda suka tashi a unguwar da Hausa suke wasa, da ita suke ciniki, kuma wanda ya iya bambanta ci da cinye ya isa ya amfana, ko wane harshe ake yi a gidansu.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen da ake ji a wurin. Cikin 2022 aka miƙa wannan har shekara shida ta firamare, sa'an nan cikin Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke shi, aka koma ga Turanci. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan, abu ɗaya a fili yake: gwargwadon yadda aka ɗora karatun yaro duka a kan Turanci, gwargwadon haka bukatarsa ta gane Turancin sosai take ƙaruwa, ba kuwa hanyar da ta fi kusa kamar a bi da shi ta abin da ya riga ya sani.

Koyar da aikatau mai ɗan rakiya ta wajen ɗan rakiyar ba sabon abu ba ne. Brygida Rudzka-Ostyn ta tsara littafinta na 2003 a kan haka, babi babi. Cikin 2010 Sachiko Yasuda ta gwada hanyar a kan ɗaliban Japan, waɗanda aka bayyana wa ma'anar 'yan rakiya suka fi sauran gane kalmomin da ba su taɓa gamuwa da su ba. Abin da muke ƙarawa shi ne, ga mai jin Hausa ba a bukatar dogon bayani, misali biyu daga bakinsa sun wadatar.

Saboda haka shawararmu ita ce a rubuta ɗan littafi mai babi takwas, kowane ɗan rakiya da babinsa. Kowane babi ya fara da Hausa, da ci da cinye ko fita da fito, kafin Turanci ya shigo. Kowace kalma ta zo cikin jimla daga rayuwar yaro, irin su mai ya ƙare, mota ta lalace a hanyar Zariya, an ɗage jarrabawa, tare da ma'ana biyu ko uku mafiya yawan fitowa, da alamar ko ana raba ta ko ba a rabawa. Masu nisan ma'ana a ware musu wuri a ƙarshe, haka kuma na Turancin Nijeriya. Kada kuɗinsa ya wuce na littattafan da yake so ya maye, in ba haka ba a kanta zai kwana.

Wannan aiki ba na malaman Turanci kaɗai ba ne, mu ma malaman Hausa da namu rabon alhaki. Fiye da shekara sittin ke nan tsarin Parsons yana hannunmu, muna koyar da shi ga masu neman digiri, su rubuta shi a jarrabawa, su bar shi a nan. Bai taɓa sauka ajin sakandare ya yi wa yaro aiki a darasin Turanci ba, domin malamin Hausa da malamin Turanci ɗaki ɗaya suke zama a makaranta amma ba su tambayar juna abin da suke koyarwa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1976, a Kaduna hedkwatarta take. Sassan Hausa da na Turanci kuma suna nan a jami'o'i da kwalejojin ilimi na jihar. Malami biyu, ɗaya daga kowane sashe, in suka zauna zango ɗaya na karatu, sun isa su fitar da babi takwas ɗin nan. Sa'an nan a gwada littafin a aji biyu, ɗaya da hadda, ɗaya da kwatanci, a buga sakamakon kowa ya gani.